Darasi na 9: Shirya Jakar Goyo Don Kada Makwanci Ya Jiƙe

Wanda bai taɓa kwana a kan dutse da jiƙaƙƙen mayafi ba zai ga kamar wannan darasi ɓata lokaci ne. Shirya jaka ma sai an koya wa mutum? Ai ko yaro ya iya cusa kaya ya ja zif. Ni ma haka na ɗauka, har sai da wata damina ta koya mini hankali a duwatsun Shere da ke gabas da Jos.

Buhun barcina ɗan gwanjo ne mai kyau, kuma mai sayarwa ya rantse mini cewa 'yar jakar da aka saka shi ciki ba ta shan ruwa. Saboda haka na ɗaure shi a waje, a ƙarƙashin jakar goyona, don in samu wurin zuba abinci. Da la'asar hadari ya haɗu, aka sheƙa ruwa na abin da bai kai awa guda ba, gari ya washe, muka ci gaba da hawa. Duk inda muka tsaya shan iska sai in sauke jakar a kan jiƙaƙƙen dutse, ban kula da cewa buhun ne ke fara taɓa ƙasa ba. Bayan sallar isha na kwance shi, sai na ji wajen ƙafafu sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. A takure na kwana, gwiwa a ƙirji, haƙora na haɗuwa, ina jiran asuba. Kusa da ni kuwa wani dattijo ne manomi, wanda buhunsa bai kai rabin kuɗin nawa ba, yana ta sharar minshari. Da safe ya dube ni ya ce, "Malam, ai jaka ba ta hana ruwa. Leda ke hanawa." Ya buɗe tasa ya nuna mini: a cikin ledar ajiyar wake ya ƙulle makwancinsa.

Abin da ake nufi da buhun barci shi ne bargon nan mai kauri da aka ɗinke kamar buhu, mai zif a gefe, wanda mutum ke shiga ciki ya kwanta. Sojoji da 'yan sikawut da ma'aikatan gandun daji da masu hawan duwatsu duk sun san shi. Wanda ba shi da buhun, bargo ko gwado yake ɗauka, duk abin da za a faɗa a nan ya shafe shi.

Ina ɗumin yake fitowa?

Buhun barci ba ya haifar da ɗumi ko kaɗan. Ka ajiye shi a waje daren hunturu babu kowa ciki, da safe sanyi ƙalau za ka same shi. Jikinka ne murhun. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37 a ma'aunin Selsiyos, kuma dare da rana jikin yana sakin zafi. Aikin buhun shi ne ya tsare iska a tsakanin zarurrukansa, iskar da ba ta motsi, domin irin wannan iska ba ta saurin ɗauke zafi. Dubi kaza da safiyar sanyi, yadda take hura gashinta har ta ninka girmanta. Iska take tarawa a tsakanin gashin, ba wani abu ba. Kaurin buhun idan ya kumbura, shi ne ɗuminsa.

To, abu biyu ke kashe wannan kumburi: dannewa da ruwa. Ruwa ya fi muni, don yana korar iskar ya maye gurbinta, ga shi kuma yana janye zafi daga jiki fiye da iska har ninki ashirin da wani abu. Shi ya sa jiƙaƙƙiyar riga ke sa mutum rawar ɗari ko a watan Agusta.

Abin da ake cusawa cikin buhunan iri biyu ne. Akwai lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko dinya, wanda ba shi da nauyi, yana matsuwa ya koma ɗan ƙarami, kuma ya fi komai ɗumi idan a bushe yake. Amma da ya sha ruwa sai ya dunƙule curi-curi, buhun ya zama ƙyalle biyu kawai, kuma yana iya kwana biyu bai bushe ba. Akwai kuma audugar roba, irin wadda ake cusa wa filo na zamani. Ta fi nauyi, ta fi cin wuri, amma ko ta yi laima tana riƙe ɗan ɗumi, tana kuma saurin bushewa. Ga mai tafiya da damina a ƙasarmu, ni dai na roba zan ce ya saya. Ya fi araha, ya fi jure ganganci. Idan ka ga alƙaluma uku na digiri a jikin takardar buhun, ka yi aiki da mafi girma a cikinsu, wanda ke nuna iyakar sanyin da za a yi barci cikin daɗi. Mafi ƙanƙanta kuwa ma'anarsa wataƙila ba za ka mutu ba, ba wai za ka runtsa ba. Ɗan gwanjo ma ya riga ya sha jiki, kada ka ba shi cikakkiyar amanar abin da aka rubuta.

Wani zai ce, mu da ke ƙasar zafi, ina ruwanmu da wannan lissafi? Sanyi yana ƙaruwa da tudu. A ƙiyasi, duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Kano ba ta cika mita 500 sama da teku ba. Jos tana wajen mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura 1,800. Dutsen Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, a gandun dajin Gashaka-Gumti kan iyakar Taraba da Kamaru, shi ne mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Tsakaninsa da Kano akwai tazarar wajen digiri 12, tun kafin a sa iska da hazo da raɓa a lissafi. Mutanen Gembu da Nguroje a tsaunin Mambila ba sa buƙatar a gaya musu wannan, rigunan sanyinsu sun isa shaida.

Ledar ciki

Yawancin jakunkunan goyo ba sa hana ruwa, ko da an shafa wa yadin wani abu. Duk inda allura ta bi ta bar huda, zif kuma ƙofa ce a buɗe ga ruwa. Murfin roba da ake lulluɓa wa jaka ta waje yana taimakawa a yayyafi, amma ba ya rufe ɓangaren da ke manne da bayanka, kuma ta nan ne ruwan da ke gangarowa daga wuyanka yake bi. Iska mai ƙarfi tana iya fizge shi. Idan kuwa santsi ya kwashe ka a tsakiyar rafi, murfin ba shi da wani amfani. Don haka kariya ta gaskiya daga ciki ake yin ta.

Manomanmu ma sun san wannan fasaha. Buhun PICS da ake ajiye wake a ciki ba tare da magani ba, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Duk wanda ya taɓa ɗaure shi ya san ƙa'ida: a matse iska ta fita, a murɗe bakin leda, a lanƙwasa shi, a ɗaure, kuma kowace leda da nata ɗaurin daban. Ainihin abin da za ka yi ke nan. Jakarka ita ce buhun saƙar, tana ɗaukar gurzar dutse da ƙaya. Ledar ita ke tare ruwa. Ledar ƙaramin buhun, mai cin kilo 50, ta isa jaka mai matsakaicin girma. Idan babu, a nemi kowace leda mai kauri wadda ta fi jakar tsawo da kamar kamu biyu. Baƙar ledar cefane ba ta yi, farce ma huda ta yake yi. Ledar da aka taɓa zuba taki ko maganin ƙwari a cikinta kuwa, kada ma ka kusance ta, domin a cikin abin da ta naɗe za ka kwana kana shaƙa.

Kafin komai, gwada ledar. Kaɗa ta ta cika da iska, riƙe bakin, matsa a hankali kana kara kunci. In ka ji iska na hura ka, akwai huda, sai a liƙe da salatif ciki da waje ko a sake wata. A gida ake wannan, ba a gindin dutse ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ka buɗe jakar, ka zura ledar har ƙasa, bakinta ya fito waje ya naɗo kan jakar. Kama buhun barci ta wajen ƙafafu ka fara cusawa da dunƙulen hannu, kana tura shi cikin kusurwoyi. Kada ka naɗe shi kamar tabarma. Naɗi yana barin guraben banza a gefe, kuma yana karya abin da ke ciki a wuri ɗaya kullum. Cusawa ta fi, don buhun yana bin siffar gindin jakar ya cike ta. Dalilin farawa da ƙafafu shi ne iska ta samu hanyar fita ta baki. A kansa ka ɗora kayan da za ka kwana da su: riga mai dogon hannu, wando, safa, hular sanyi. Waɗannan amanar dare ce. Duk yadda ka jiƙe da rana, ba a taɓa su sai an shiga tanti. Na sha ganin wanda ya sake riga da azahar don ta jikinsa ta jiƙe, kafin la'asar ta biyun ma ta jiƙe, dare ya yi ba shi da ko ɗaya.

Yanzu durƙusa ka danna da gwiwa ko gwiwar hannu har iskar ta fita. Tattara bakin ledar, murɗe shi ya zama kamar igiya, lanƙwasa shi biyu, ɗaure da tsinken robar tayar keke, sannan ka tura ƙullin gefe, bakinsa na kallon ƙasa. Kada ka yi ƙullin da sai da wuƙa za a kwance, don da yatsu masu sanyi za ka buɗe shi cikin duhu. Idan hanyar akwai ƙetare ruwa, ko tsakiyar damina ce, buhun barcin ya samu tasa ledar shi kaɗai kafin ya shiga babbar.

Sauran kaya

Buhun barci a ƙasa yake zama saboda ba ka buƙatarsa sai dare, kuma laushinsa yana zama matashi ga ƙugunka. Masu nauyi, wato abinci da tukunya, su zauna a tsakiya, manne da baya, daga saman ƙugu zuwa tsakanin kafaɗu. Duk macen da ta taɓa goyo ta san dalili: yaron da ya lafe a baya ba ya gajiyarwa kamar wanda ya banƙare yana rinjayar uwa. Marasa nauyi su kewaye su ta waje don kada su yi ta kai-komo. A can sama sai abin da za a nema da gaggawa: rigar ruwa, tocila, magunguna, ɗan dabino ko ƙuli-ƙuli. Wanda ya binne rigar ruwansa a ƙasa, dole ya buɗe jakarsa gaba ɗaya a tsakiyar ruwan sama.

Ga inda mutane da yawa ke faɗuwa. Sun tare ruwan sama, amma sun shigo da nasu ruwan da hannunsu. Gorar ruwa, man gyaɗa, kananzir, jiƙaƙƙen tanti, tawul, safar jiya, babu ɗayansu da zai shiga ledar makwanci. Gora a aljihun gefe take zama, a tsaye. Kananzir ma haka, a ɗaya gefen, nesa da abinci, domin in ya tsiyaya a buhun barci warinsa ba ya fita da wanki ɗaya. Tanti in ya kwana cikin raɓa, a ɗaure shi ta waje ko a sa shi a tasa ledar a sama. Cokali da wuƙa da turakun tanti a naɗe su cikin tsumma, kada tsininsu ya huda ledar da ka sha wahalar ƙullewa.

Game da nauyi, ƙa'idar da masu wannan harka ke bi ita ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka. Mai kilo 60 ya tsaya wajen kilo 12. Ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cur. In jakar tana da ɗamarar ƙugu, a ɗaure ta a kan ƙashin ƙugu ta yi tsam, don ƙugu ya ɗauki mafi yawan nauyin, kafaɗu su huta.

Ƙasa ɓarauniya ce

Ko buhunka ya isa masauki a bushe ƙayau, aikin bai ƙare ba. Ɓangaren da ka kwanta a kai ya danne, babu iska a cikinsa, saboda haka babu ɗumi. Ƙasa ko dutse sai su yi ta zuƙe zafin jikinka har gari ya waye. Mutane kan ƙara mayafi a sama alhali ta ƙasa ake yi musu sata. Dole a sami shimfiɗa. Mafi sauƙi ita ce tabarmar roba mai tauri, marar shan ruwa, wadda ake naɗewa a ɗaure a bayan jaka, ruwa ya dake ta a goge. Soson katifa bai dace ba, sunansa ma ya faɗi halinsa. Buzu yana da ɗumi ƙwarai, kakanninmu fatake ba su yi wauta ba da suke yawo da shi, sai dai nauyi, kuma shi ma sai an kare shi daga ruwa. In babu ko ɗaya, tara busasshiyar ciyawa mai kauri, ka bubbuge ta saboda kunama, ka shimfiɗa leda a kai. Jakar goyon da ka juye ma tana iya shiga ƙarƙashin ƙafafu.

Wurin kwana kuma a zaɓe shi da ido. Kwari yana da daɗin gani don babu iska, amma iska mai sanyi nauyi gare ta, cikin dare can take gangarawa ta taru, raɓa ma ta fi sauka a nan. Busasshen rafi kuwa ko da wasa kada a kafa tanti a cikinsa da damina. Ana iya yin ruwa a kan tudu inda ba ka gani, ya iso maka da tsakar dare. Nemi ɗan tudu mai kariya daga iska, inda ruwa zai gangara ya bar ka.

Laimar da ke fitowa daga jikinka

Wannan ita ce wadda ba a gani, kuma ita ke sa buhu ya yi ta rage ɗumi dare bayan dare ko ba a yi ruwa ba. Mai barci yana fitar da danshi ta fata da ta numfashi. Hura bakinka a jikin madubi da safiyar hunturu ka ga abin da ke fitowa. Wanda ya cusa kansa cikin buhu don jin ɗumi, wannan tururin yake zubawa a ciki har asuba. Hanci da baki a waje suke kwana, kai kuma a sa masa hula. Kada a shiga da tufafin da aka yi gumi a cikinsu, musamman na auduga, don auduga tana riƙe ruwa ta manne a fata. Bayan alwalar isha a goge ƙafafu sosai har tsakanin yatsu kafin a sa safar barci, buta kuma ta kwana a waje. In zafi ya yi maka yawa cikin dare, sassauta zif tun kafin gumi ya karyo.

Tanti ma yana buƙatar kafar shan iska. In ka toshe ko'ina, numfashinka zai taru a jikin rufin ya riƙa ɗiga, ka rantse yoyo yake yi. Kada gefen buhu ya jingina da bangon tanti. Sannan gargaɗi mai nauyi: kada a shigar da garwashi ko kurfoti ko risho cikin tanti don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barcinsa. In kana son ƙarin ɗumi, ci abinci mai ɗan maiƙo kafin ka kwanta, yi fitsari, ɗan motsa jiki kaɗan ba har gumi ba. Ana iya zuba ruwan ɗumi a gora mai ƙarfi, a juya ta a tabbatar murfin ba ya ɗiga, a zura ta cikin safa a ajiye wajen cinyoyi.

Da safe, juya buhun ciki ya koma waje, shanya shi a kan dutse ko igiya yayin da ake karin kumallo. Minti ashirin na rana da iska suna yin aiki mai yawa. In gari ya tashi da hazo, kada ka shanya, laima zai ƙara sha. Matse iskar ɗumin da ke ciki nan take tun ba ta huce ta zama ruwa ba, ka mayar da shi leda. In kuwa ƙaddara ta sa ya jiƙe, matsa shi a hankali ba tare da murɗewa ba, ka shanya duk inda aka tsaya hutu. Kada ka kai shi bakin wuta. Yadinsa na roba ne, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda shi.

Ya kamata kowa a cikin ayari ya san alamun wanda sanyi ya fara cin ƙarfinsa, wato zafin jikinsa ya faɗi ƙasa da digiri 35: karkarwa mai tsanani, tuntuɓe, yatsu su kasa ɗaure igiya, magana ta riƙa harɗewa, ya zama kamar mai maye. In karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya ƙara ɓaci ne. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a raba shi da ƙasa, a sa shi cikin busasshen buhu, a rufe kansa. In yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi shayi mai ɗumi da sukari. Kada a mulmule masa hannu da ƙafa da ƙarfi, a kuma nemi hanyar kai shi asibiti. A irin wannan dare, busasshen buhu guda ɗaya a cikin ayari yana iya zama abin da ya tsaya tsakanin mutum da ajali.

In an dawo gida, kada a bar buhun a matse cikin 'yar jakarsa wata da watanni. Kamar filon audugar rimi ne, in ya daɗe a danne ba ya komawa yadda yake. A shanya shi ya bushe sarai, a rataye ko a sa shi sakwa-sakwa cikin babban buhun yadi, inda ɓera da gara ba za su kai gare shi ba.

Aikin aji

A mako mai zuwa kowane rukuni na mutum uku ya zo da jaka ɗaya, bargo ɗaya, leda mai kauri, tsinken roba da tsohuwar jarida. A naɗe bargon da jaridar, a shirya jakar yadda aka bayyana, mutum ɗaya ya goya ta, wani ya kwarara mata bokiti guda na ruwa daga sama, a hankali, har da tsakanin jakar da bayan mai goyon. Daga nan a ajiye ta cikin baho mai ruwa kamu ɗaya na minti biyar. A buɗe a gaban aji a ɗaga jaridar kowa ya gani. Rukunin da tasu ta jiƙe su bi sawun ruwan su gano ta inda ya shiga, ta huda ce ko ta ƙulli, su rubuta amsar cikin jimla biyu a littafinsu. Wanda zai yi goyon ya taho da rigar sakewa.